Damina a Gidan Batula

Tun da na dawo daga Sawakin, garin bakin teku, bakina bai huta ba. A kasuwa a tambaye ni, a gidan suna a tambaye ni, har mai raksha, keken hayar nan mai ƙafa uku, da ke kai ni Kasuwar Umdurman ya juyo ya ce, "Hajja Sakina, wai da gaske ruwan ba shi da ɗaya gaɓar?" Na gaji da maimaitawa. Tunda Allah ya sa na koyi riƙe alƙalami, ko da yake sai da na yi jikoki biyu, bari in rubuta sau ɗaya. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Da farko ku sani, ba shan iska ya kai ni ba. Na je ne in ɗauko Batula.

Batula ƙawata ce. Benci ɗaya muka zauna a ajin manya na matan unguwarmu, ita tana kama harafi da wuri, ni ina faɗa da malama. Daga baya ta auri Idrisu, Bahaushen Sawakin, masunci, ta bi shi can. Bara Allah ya yi masa rasuwa. Ba su haihu tare ba, 'yarta ɗaya ta auren fari kuma tana aure a Kalakla, nan kusa da mu. Sai Hajja Kaltum, babbarmu a ajin, ta tara mu ta ce, "Mace ita kaɗai a bakin ruwan gishiri, ba ɗa ba ɗan'uwa? Sakina, ke ce mai baki. Je ki taho da ita." Ban yi musu ba, don dama ra'ayina ke nan. Na kwashe buhunan gyaɗa daga ɗakin da nake ajiya, na shafe shi da farar ƙasa, na sa sabon angarib, gadon igiya. A ƙasan kayana na ninke manyan jakunkuna biyu, babu komai a ciki, na kwaso kayanta. A waya kuwa cewa na yi ziyara ce.

Bayan sallar asuba bas ya tashi. Wanda ya ce muku hanyar gabas zafi ce bai shiga bas ɗin nan ba, sanyin injin ya sa na naɗe ƙafafuna cikin tob, babban mayafina, kamar mai jego. Kusa da ni wani dattijo ne mai zuwa Bur Sudan ganin ɗansa. Tun daga Shandi yake miƙo mini dabino, ina cewa na ƙoshi, yana cewa, "Ci dai, ya Hajja, hanyar ba ta san ƙoshi ba." A Atbara aka tsaya, muka ci ful, dafaffen wake, da man riɗi, na sha shayin da ban ga dalilin kiransa shayi ba, na kuma gaya wa mai shayin. Ta ce in an dawo in zo in koya mata. Na ce in sha Allah, kuma da gaske nake.

Daga nan sai fili, ba itace ba gida. Can wajen Haya aka tsayar da mu a shingen bincike, kowa ya sauko da katinsa da kayansa. Wani ma'aikaci, da ƙyar ya kai shekarun autana, ya zaro gwangwanin da na ɗaure da leda uku. Na ce, "Ɗana, kada ka buɗe." Ya dube ni, ya ƙara zargi, ya buɗe. Daddawa ce da ta kwana biyu a rufe, tsarabar Batula. Ya ja baya yana tari, ya ce, "Wannan mene ne, ya Hajja?" Na ce, "Abin miya ne. Na faɗa maka kada ka buɗe, kai ka ga dama." Abokan aikinsa suka yi ta masa dariya. Da ya ɗaga jakunkunan nan biyu ya ce me zan zuba a ciki, na ce mutum zan ɗauko. Ya ce ma'alesh, wato in yi haƙuri, in wuce.

Bayan Sinkat hanya ta shiga duwatsu ta fara gangarawa tana murɗewa. Kunnuwana suka toshe, na ɗauka hawan jini ne, na fara salati da ƙarfi. Dattijon ya ce, "Tauna dabino." Na tauna, suka buɗe. Shi ya sa ban ƙara ce masa na ƙoshi ba. Da muka sauko ƙasa iska ta canza, ta yi nauyi, tana maƙale wa fata, da wari kamar na kifi da ƙarfe.

Da muka isa Sawakin, Batula na tsaye a bakin titi. Ta rame, ta yi duhu, amma dariyar tana nan yadda take. Muka rungume muka yi kukan Idrisu a nan gaban masu raksha. Da muka gama ta ja da baya ta dube ni ta ce, "Sakina, ke har yanzu ba ki daina tafiya kamar za ki kama ɓarawo ba?"

Gidanta na katako ne, ɗaki ɗaya da rumfa, da shingen langa-langa. Duk unguwar haka take, Hausawa da Hadandawa, 'yan asalin yankin, a cakuɗe. A ƙarƙashin rumfar barmil biyu ne, manyan gangunan ruwa, shuɗiya da baƙa. Ban tambayi komai a kansu ba. Ni da famfo ke tsakar gidana tun zamanin mahaifina, me zan tambaya a kan ganga?

Da la'asar maƙwabciyarta ta shigo gaishe ni. Madina sunanta, Bahadandiya, tsohuwa siririya mai zobe a hanci, Larabcinta gutsi-gutsi. Ta zo da kayan jabana, ta soya 'ya'yan gahawa a gabanmu, ta daka da citta, ta zuba a finjali ƙanana kamar ƙwan tsuntsu. Na sha ɗaya na kife hannu na ce alhamdu lillahi. Batula ta taka mini ƙafa. Ta ce da Hausa, "Nan ba a tsayawa a ɗaya, zagi ne. Sha uku." Na sha uku. A wajenmu baƙo ne ke cewa ya isa, can mai gida ce ke yanke hukunci. Abincin dare kifi ne soyayye da burodi da barkono da lemun tsami, kifin da ko ƙaya ɗaya ban tsinta ba. Kifin Nilu ya yi haƙuri, gaskiya ce.

Amma idona yana aiki. Na ga tsakar gidan ƙura ce, ba alamar an taɓa yayyafa mata ruwa. Na ga zannuwan gado sun yi dauɗa. Batula ce fa, wadda a Umdurman hosh ɗinta, wato tsakar gidanta, kullum la'asar sai ya sha ruwa ya yi ƙamshin ƙasa kafin a fito da gadaje. Na ce a raina, baiwar Allah ta karaya, Hajja Kaltum ta yi gaskiya.

Washegari Litinin. Batula tana sayar da shayi da jabana a bakin ruwa inda masunta ke sauke kifi, don haka da sassafe ta ɗauki kayanta ta ce, "Ki kwanta ki huta, sai azahar." Ni ban san yadda ake kwanciya da rana ba. Na ɗaura zane, na tattaro duk abin da ke wankuwa a gidan. Na ɗebi ruwan baƙar ganga, na goga sabulu, ko kumfa. Na ƙara gogawa, sabulun sai zamewa yake kamar dutse. Na ɗanɗana, zartsi. Na ce wannan ruwan ya lalace, ko kunya mai kawo shi bai ji ba. Na koma shuɗiyar. Kai, ruwa mai daɗi, kumfa har gwiwar hannu. Na wanke zannuwa, na wanke tob-tob ɗinta, na wanke labule, na ɗauraye sau biyu yadda uwata ta koya mini. Na wanke tukwane. Abin da ya rage na yayyafe tsakar gida da shi, lungu-lungu, har ƙofar waje. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Na zauna a angarib ina jiran yabo.

Batula ta shigo ta tsaya cik a bakin ƙofa. Ta dubi ƙasa, ta dubi igiya. Ta ajiye kayanta a hankali ta je ta ɗaga murfin shuɗiyar, ta leƙa, ta daɗe tana leƙawa.

"Sakina, da wanne kika yi?"

"Da mai kyau mana. Wancan ai ya lalace."

"Wancan na wanka ne da wanki, haka ruwan rijiyar nan yake. Wannan na sha ne." Ta mayar da murfin. "Mai karo sai Alhamis."

Mai karo shi ne mai amalanken jaki da ke kawo ruwan daɗi daga nesa, kuma layinsu ranar Alhamis yake zagayowa. Ruwan shan kwana uku na zubar a ƙasa. Mai hankali shiru za ta yi. Ni kuwa kunya ce ta hau mini kai ta zama faɗa.

Na ce, "To kin gani! Garin da mace ba za ta wanke zanenta ba sai ta duba ranar mako, gari ne? Me kike yi a nan, Batula? Idrisu ya tafi, Allah ya ji ƙansa. Ɗaki na can na share miki, famfo na zuba dare da rana. Tashi mu tafi gida."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ashe shi ya kawo ki."

"Shi ya kawo ni. Hajja Kaltum ce ta aiko ni, da duk 'yan aji."

"To zauna tukuna. Maƙogwarona ya bushe, kuma kin shayar da ƙasa rabona."

Muna cikin haka sai ga kan Madina ta saman shinge. Ta dubi jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta dubi sama, ba ko gajimare. Ta ce da Larabcinta, "Batul, damina ta sauka a gidanki ke kaɗai?" Batula ta nuna ni da haɓa. Madina ta kama baki, ta sauka, muka ji tana ƙwala wa wata kira da yarensu.

Ba a yi rabin sa'a ba ƙofa ta buɗe. Madina ce da buta. Ba sallama mai tsawo, ba kallon kowa, ta ɗaga murfin shuɗiyar ta juye ta fita. Bayanta wata Bahausa mai goyo da ƙwarya. Bayanta wata da rabin jarka. Wata tsohuwa ta zo da kofin silba ɗaya tak, tana tafe tana tare shi da tafin hannu kada ya zube. Kowace ta juye ta juya. Na ƙirga har tara na daina, don idona ya fara yaji. Na miƙe zan yi jawabi, kun san ni. Na ce, "Bayin Allah, ni ce na yi wannan ɓarna, Allah ya saka..." Madina ta ɗaga mini hannu kamar mai tsayar da mota.

Batula ta ja ni na zauna. "Ba a godiyar ruwa a nan. In kin gode kin mayar da shi kyauta, kin sa wadda ta kawo kofi ɗaya ta ji kunyar wadda ta kawo jarka."

Kafin la'asar ganga ta kai rabi. Batula ta ɗebo a kofi ta sha, ta miƙo mini saura. Sannan ta ce, "Wata huɗu da kwana goma na yi takaba a ɗakin nan, ban fita ba, ban sayar da shayi ba. Gangar nan ba ta taɓa sauka ƙasa da rabi ba. Har yau ban san wa da wa suka zuba ba. Da safe in ji ƙarar murfi, shi ke nan." Ta goge bakin kofin da gefen tob. "Ku kuma kun kira ni a waya. Na gode, wallahi na ji daɗi."

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi. Shekara guda da rasuwar mijinta sannan na tako, kuma na zo da jakunkuna.

Daga ranar sunana ya ɓace a unguwar. Damina. "Damina, kin tashi lafiya?" "Damina, gidanmu ma akwai ƙura." Har masunta a bakin ruwa suka ji. Na karɓa, don na ci a kira ni. Na koyi alwala da kofi ɗaya. Na koyi wanke kwano a ruwan zartsi a ɗauraye da tafi guda na mai daɗi, ruwan ɗaurayar kuma a ba tunkiyar Madina. Da mai karo ya zo Alhamis na ce a mayar wa kowa nata. Batula ta ce, "Kul. Ba rance ba ne. Ranar da ta wata ta ƙare za ki ji kira."

Sauran kwanakin a waje muka yi su. Da safe in bi ta wurin sana'arta, in zauna a kan akwatin kifi ina kallon kwale-kwale na shigowa. Kowa ya sauko sai ya tsaya wajenta: "Batul, jabana." Ta san mai son citta da yawa, ta san wanda likita ya hana sukari, ta hana shi ko ya roƙa. Wani in ya tashi sai ya bar kifi biyu a gefen murhu bai ce komai ba. Ta kai ni tsohon garin da ke kan tsibiri, gidajen dutsen teku duk sun zube, sai kyanwoyi manya masu kallon mutum ido cikin ido. Batula ta ce kada in kore su, mutanen garin ba sa so. Na ce ni ma ban ga fuskar kora a wurinsu ba. Daga nan muka hangi babban jirgin da ke zuwa Jidda. Kakata ta taso daga ƙasar Haɗeja da ƙafa don ta hau ruwan nan zuwa aikin hajji, ta tsaya a Umdurman neman guzuri, guzurin ya zama mu. Na karanta mata Fatiha a tsaye.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, Uhaj, abokin sana'ar marigayi Idrisu, ya ɗauke mu a kwale-kwalensa mai inji, ni da Batula da Madina da matarsa. Dogo ne mai 'yar shara baƙa a kan farar riga, magana ba ta dame shi ba. Da zan shiga jirgin ya karkata, na ƙwala ihu na riƙe wuyan Madina. Ta ce, "Damina na tsoron ruwa!" Har Uhaj sai da haƙoransa suka fito.

Ku da kuka saba da Nilu, ruwan da ba ka ganin ƙafarka in ka shiga, ba za ku yarda ba. Nan kana leƙawa har ƙasa kake gani. Duwatsu masu rassa kamar itace, kifaye rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa suna shiga suna fita. Na ce wa Uhaj, "Waɗannan ma ci ake?" Ya ce, "Waɗannan na kallo ne." Ya sauke mu a wani ɗan tudun farin yashi, ya hura gawayi, ya gasa abin da ya kama a hanya. Muka shiga ruwa da tufafinmu har ƙugu, mata huɗu, ƙaramarmu ta haura arba'in, muna watsa wa juna kamar 'yan mata. Na kurɓa ba da niyya ba, na yi ta tofarwa. Wani dutse ya yanke ni a diddige, Madina ta ce in bar shi a ruwan, shi ne maganinsa, kuma haka aka yi. Ban tuna rabon da in yi dariya har cikina ya ƙulle irin ta ranar ba.

Da muka fito muna shanya jiki a yashi, Batula ta nuna mini can inda ruwan ya yi duhu. "Can Idrisu yake zuwa. In na zauna wurin shayina ina ganin wurin."

Na ce, "Batula, akwai jakunkuna biyu a ƙasan kayana."

"Na gan su tun daren da kika zo. Kin ɗauka ban san ninkin hannunki ba?"

"To me zan ce wa Hajja Kaltum?"

"Ki ce mata kin same ni a gida." Ta karkaɗe yashi daga ƙafarta. "Ɗakin kuma kada ki mayar da gyaɗa. Da zafi garin nan ba ya zaunuwa, zan zo in yi wata biyu in ga 'yata, in yi wanka da tiyo har ki kore ni."

Na ce to. Ni Sakina, na ce to, ban ƙara ko kalma ba.

Ana gobe zan taho, da yamma, muka ji kiran Madina ta bayan shinge. Wata mai jego ce a ƙarshen layi, baƙin suna sun shanye mata ganga. Batula ta cika buta daga shuɗiyar ta miƙo mini. "Je ki. Kuma don Allah, Sakina, ki rufe bakin nan." Na tafi ina riƙe da butar da hannu biyu. Na shiga, na ɗaga murfi, na juye, na fito. Maganganu uku suka zo mini har leɓe, na haɗiye su duka. A ƙofa na ci karo da tsohuwar nan mai kofin silba. Ta dube ni, ta dubi butar, ta matsa mini hanya.

Jakunkunan ba su dawo wayam ba. Ɗaya busasshen kifi ne daga Uhaj, ɗaya gahawa da citta da turmin jabana daga Madina. A shingen Haya ma'aikacin nan ne dai. Ya gane ni, ya shinshina jakar kifin daga nesa, ya ce, "Ina mutumin da za ki ɗauko, ya Hajja?" Na ce, "Ta fi ƙarfin jaka." Bai buɗe ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa dattijon dabino, da Uhaj da matarsa. Matan layin Batula kuwa an hana ni gode musu, don haka ban gode ba, na dai rubuta abin da suka yi.

Ranar da na iso, da la'asar, Hajja Kaltum ta shigo da sandarta, ko zama ba ta yi ba. Ta leƙa ɗakin da na shafe, ta ga angarib ba kowa.

"Ina Batula?"

"Tana gidanta, Hajja."

"Ke da bakinki kika kasa?"

"Na kasa."

Ta zauna tana huci, ta dubi tsakar gidana. "To ke kuma lafiya? La'asar ta yi, hosh ɗinki ƙura kamar ba mace a gidan. Ga tiyo can a yashe."

Na dubi tiyon. Na ɗauko kofi na cika a famfo, na rufe famfon da kyau, na kawo mata.

"Sha tukuna, Hajja," na ce. "Labarin da tsawo."